Kwanon Direban da Ya Makara

Wata mata ta kama naƙuda a wani ƙauye bayan garin Babban Mutum. Ungozoma ta danna manhajar da muka haɗa don kiran mota. Mota ba ta zo ba. A amalanken shanu aka kai matar asibiti. Ita ta rayu, ɗan bai zo da rai ba.

Da wannan nake fara wa duk wanda ya zo shagona ya ce in koya masa haɗa manhajar waya. Kuna zuwa kun kalli bidiyo, kun ga mutum ya ɗan buga rubutu abu ya fito a allo da launi mai kyau, sai ku ce ashe sana'ar ba wuya. Gaskiyarku, sa abu ya fito ba wuya. Sana'ar tana wurin da abu ya ƙi fitowa, mutum kuma yana tsaye yana jira.

Sunana Sada. A kasuwar Daura, Sada Caji ake ce mini. Ban yi boko ba. A kan madannin waya na koyi haruffa, ina neman sunayen mutane in miƙa musu kayansu. Da ƙaramin janareta na fara, da allon katako mai jeren soket. Daga caji na koma tura waƙoƙi a memori, daga nan gyara: canjin gilashi, bakin caji, wayar da ta faɗa rijiya. Hannuna ya iya ƙarfe. Abin da ke cikin ƙarfen ne ban sani ba, sai da na haɗu da Chidi.

Shagon babansa na kayan gyaran babur yana fuskantar teburina. A Daura aka haifi Chidi, Hausarsa ta fi ta wasunku. Ya je ya yi karatun kwamfuta, ya dawo don tsohon ƙafa ta fara ba shi wahala. Da safe ya sayar da fulogi da sarƙa, da rana ya buɗe kwamfuta a kan kwalin taya. Wata rana ya miƙo mini waya ya ce, "Injiniya Caji, ga wani abu na haɗa. Lalata mini shi."

Na ce, "Ni gyara nake yi, Oga."

Ya ce, "Wanda ya iya gyara ya san inda abu yake mutuwa. Lalata."

Kafin la'asar na kashe masa manhajar. Ban yi wata dabara ba, data na kashe a tsakiyar aiki. Ya yi dariya har da buga cinya, ya jawo wata kujerar roba kusa da tasa. A kujerar nan na yi shekaru. Bai taɓa ce mini ga littafi ba. Zai buga layi ɗaya na kod, wato umarnin da ake rubuta wa waya, ya ce in faɗa masa da Hausa abin da layin ya ce. In na faɗa daidai, ya goge ya ce in mayar. In na yi kuskure ba ya faɗa, sai ya tashi ya je ya sayar da man birki ya bar ni da shi. Turancin da na iya duk na kod ne. Har yau in Bature ya gaishe ni ban san me zan ce ba, amma in waya ta yi kuka na san me ke damunta.

Kayan aikinmu ba yawa. Kwamfutar Chidi, wadda batirinta ya mutu, sai a jikin soket take rayuwa. Tsofaffin wayoyi irin na hannun mutanen ƙauye, masu fasasshen gilashi da ciki kaɗan. Sai tukunyar alminiyam mai murfi, wadda na ɗauko a gidanmu. In muna son ganin yadda manhaja za ta yi idan sabis ya ɗauke, sai mu jefa wayar a tukunya mu rufe. Sabis ba ya ratsa ta sosai. Masu wucewa suna tambaya me muke dafawa, Chidi ya ce farfesun waya.

Ga abin da za ku riƙe. Waya ba ta san komai ba, aike take yi. Duk abin da ka danna, ɗan aike ta tura zuwa wata babbar kwamfuta da ake kira saba, ya je ya dawo da amsa. In abin da kake so ya shafi wurare da yawa, ba ta tura su ɗaya bayan ɗaya, sai ta sake su gaba ɗaya don a yi sauri. To ɗan aike yakan dawo da eh, yakan dawo da a'a. Duk biyun da sauƙi. Na uku shi ne wanda bai dawo ba, bai kuma aiko ya ce ba zai dawo ba. Shi ake yanka wa wa'adi. In wa'adin ya yi gajarta, ka rufe ƙofa mutum yana bakin zaure. In ya yi tsawo, ka tsufa a tsaye.

Aikin motar haihuwa wata ƙungiyar kula da lafiyar mata ce ta kawo mana. Sun raba wa ungozomomin ƙauyuka wayoyi, sun yi magana da direbobin tasha da suka yarda su riƙa ɗaukar mai naƙuda. Mu namu mu haɗa tsakani. Yawancin ungozomomin ba sa karatu, saboda haka muka yi allon da hoto ɗaya: mota, babba, koriya. A danna, waya ta aika wa duk direbobin yankin lokaci ɗaya.

Sai shugaban direbobin tasha, Ciyaman Mati, ya kira mu. Mutum ne mai ƙiba da murya, ya yi shekaru yana raba faɗan lodi. Ya ce, "Ku saurara, 'yan kwamfuta. A tashata ba a lodi sai da layi. Ko gawa za a ɗauka, mai layi ne zai ɗauka. In kuka bar abin nan ya zama wanda ya riga dannawa, yaran nan masu sabbin wayoyi za su cinye, dattawa su zuba ido. Ranar da haka ta faru, na janye mutanena."

Ba mugunta ya faɗa ba. Layi shi ke riƙe da zaman lafiyar tasha. Sai muka gina ta yadda ya ce. Waya ta aika wa kowa, ta jira amsar kowa, sannan ta duba cikin waɗanda suka ce eh wane ne gaba a layi, ta ba shi. Sunan ƙauyen ma ba ya fitowa direba sai an tabbatar masa, don kada wani ya yi riga-malam-masallaci. Saboda mun san sabis ɗin ƙauye, Chidi ya yi wa tawagar 'yan aiken duka wa'adi ɗaya mai tsawo. In ya cika ba a haɗu ba, waya ta watsar da komai ta ce a sake dannawa. Mun gwada a tukunya har murfin ya lotsa. Kullum wayar ungozoma muke rufewa. Ta yi kyau, aka raba, aka yi ta haihuwa lafiya.

Shekarar da ta biyo baya ita ce mummuna. Baban Chidi ya rasu da kaka. Chidi ya ɗauki gawar zuwa garinsu a kudu, uwarsa ta ce ita ba ta dawowa, shi kuma ba zai bar ta ita kaɗai ba. Ranar da zai tafi ya ajiye kwamfutar a teburina, ya ce, "Riƙe mini, ina zuwa." Aka sayar da kayan shagon. A watannin nan ƙungiyar ma ta ce aikinta a yankin ya ƙare, ta naɗe tabarma. Saba kuwa haya ce, in ba a biya ba a kashe. Na tayar da janareta na koma caji da gyara, abin da ya samu in raba biyu, rabi gida rabi saba. Matata ta ce ta ji ana kiwon akuya, ba ta taɓa jin ana kiwon abin da ba a gani ba.

A lokacin ne na lura wayar wata ungozoma, Inna Tabawa, ta daɗe ba ta kira mota ba. Da can ta fi kowa kira. Na buga mata, na ce, "Inna, ya waya?"

Ta ce, "Lafiya lau, ɗan nan."

"Ba matsala?"

"Sai alheri."

Ku koyi wannan ma. Mutanenmu ba sa kai ƙarar abin da aka ba su kyauta. Za su ce lafiya lau, su ajiye maka kayanka a ƙarƙashin gado. In ka zauna a shago kana jiran a kawo maka kuka, har abada ba za ka ji ba. Na hau babur na tafi.

Na same ta a tsakar gida tana tankaɗe. Tsohuwa ce ƙarama, hannuwanta kamar saiwar kuka. Da ta gan ni ta ce, "A'a, ga mijina na birni. Ka zo da kayan shayi ko da hannu biyu ka zo?"

Na ce, "Da hannu biyu, Inna. Wayarki na zo gani."

Ta shiga ɗaki ta fito da wata fanteka mai murfi. Ta buɗe. Wayar na ciki, an naɗe ta a tsumma, ba caji. Sannan ta ba ni labarin da na fara muku da shi. Da damina ne, da hantsi. Ta danna. Abin nan mai juyawa a allo ya yi ta juyawa. Ta koma kan matar, ta dawo, yana juyawa. Can ya ce a sake dannawa, ta sake, ya ci gaba da juyawa. Mijin ya kira direba ɗaya da yake da lambarsa, wani Dogo, ba ta shiga ba. Sai da rana ta take sannan aka ɗaura wa shanu amalanke.

Ta ce, "Ni ban ce ta yi mini ƙarya ba. Shiru ta yi mini. Da ta ce babu tun farko, da tun farko na aika a kamo shanu. Mai cewa babu ya taimake ka. Mai cewa dakata shi ne ya cuce ka."

Wata yarinya mai tsohon ciki ta kawo mini ruwa, ta durƙusa da ƙyar. Inna ta bi ta da ido ta ce, "Jikata ce, Bilki. Haihuwar fari aiki aka yi mata, an ce wannan ma kada ta kuskura ta yi a gida. Na riga na yi magana da mai shanu. Ita kam ba zan danna mata ƙarfe ba."

Na san hanyar nan. Amalanke yana cin rabin yini kafin ya kai titi. Mota ba ta kai haka ko kusa. Ga wadda aka taɓa yi wa aiki, tazarar nan ita ce komai.

Azahar ta yi, mazan gidan suka dawo daga sussuka. Inna ta zuba musu dambu, ta zuba mini. Ta ɗauki wani kwano ta cika, ta rufe, ta kai inuwar rumbu ta ajiye. Na ce na wane ne. Ta ce na autanta, ya kai hatsi wani ƙauye bai dawo ba. Na ce ba za a jira shi ba?

Ta dube ni kamar na yi tambayar yara. "Don mutum ɗaya a bar gida da yunwa? Wanda ya zo ya ci. Wanda bai zo ba a rufe masa nasa. In ya dawo ba wanda ya ci masa."

Na cinye dambuna. Na roƙi ta ba ni wayar, ta ce in ɗauka, dama ta tare mata fanteka.

Daga can tasha na wuce. Na nemi direbobin da ke aiki a ranar. Wani dattijo, Malam Haruna, ya ce yana tunawa sarai. Saƙo ya shigo, ya danna ina zuwa, ya tayar da mota, ya zauna yana jiran a faɗa masa ƙauyen. Ba a faɗa ba. Ya ɗauka an ba mai layi, ya kashe mota ya tafi salla. Mai layi a ranar Dogo ne. Shi kuma ya kai kaya bakin iyaka, wayarsa ta tsallake ta kama sabis ɗin Nijar, kamar yadda wayoyin wajen nan suke yi, data ta tsaya. Bai ce eh ba, bai ce a'a ba, bai ma san ana nemansa ba. Mota na tsaye da mai a ciki da direba a kai, waya ta riƙe amsar Malam Haruna a hannu tana jiran wanda ba zai amsa ba, sannan ta watsar da duka.

Na dawo shago na jera wayoyi. Wannan karon wayar direba ɗaya na jefa a tukunya, na bar sauran a waje. Na danna. Ta yi ta juyawa.

Na kira Chidi. Na ba shi labarin duka. Sannan ya ce, "Sada, ka san gyaran?"

Na ce, "Na ga wata tsohuwa ta yi shi da dambu."

Na faɗa masa. Ya ce, "Shi ke nan, ai ka gama. Kowane ɗan aike da wa'adinsa. Wanda ya dawo a karɓa nan take. Amma kod ɗin ba shi ne mai wuya ba, Ciyaman ne. Fara da shi."

Na sami Ciyaman Mati a benci yana cin gyaɗa. Na ce ina so in mai layi bai amsa da wuri ba, a ba wanda ya amsa.

Ya ce, "Kai Caji, ashe ba ka ji ni ba wancan karon? Ko kunnen ma caji yake so?"

Na ce, "Na ji ka, ranka ya daɗe. Mun bi maganarka, an rasa ɗa."

Ya daina tauna. Dogo yana gefe, ya sunkuyar da kai, ko da yake ba abin da ya yi. Ciyaman ya ce, "Allah ya sa mai ceto ne. Amma in na buɗe ƙofar nan, wanda sabis ya ci amanarsa ya rasa layinsa ke nan, ba laifinsa ba? Gobe su zo su cika mini kunne."

Na ce, "Ba zai rasa ba. Za a rufe masa kwanonsa."

"Wane kwano kuma?"

"In ka makara a gona, Hajiya tana hana yara cin abinci sai ka dawo?"

Direbobi suka fashe da dariya. Wani ya ce Ciyaman ai bai taɓa makara wurin abinci ba, ku dubi cikin. Ciyaman ya jefe shi da ɓawon gyaɗa. Na ce mai layi za a fara saurara. In bai amsa ba cikin ɗan lokaci, wanda ya ce eh ya tafi, shi kuma mai layi yana nan a gaba, kira na gaba nasa ne. Ba wanda ya ci masa.

Dogo ne ya fara magana. Ya ce, "Ciyaman, ni na yarda. Da a ce layina ya kashe ɗan mutum, gara a tsallake ni."

Ciyaman ya kakkaɓe rigarsa ya ce, "To. Amma in kwanon nan ya buɗe, kai zan kama."

Ni na rubuta gyaran, da hannuna, karo na farko ba kowa a kujerar kusa. In na maƙale in kira Chidi, yana shagon wani yana aiki, in ji hayaniyar garinsu a bayansa. Ba ya ba ni amsa. Sai ya ce, "Faɗa mini da Hausa." In na faɗa, sai in ji inda na ɓata.

Na raba wa kowane aike wa'adinsa, mutuwar ɗaya ba ta shafi sauran ba. Wanda ya faɗi a hanya a sake tura shi, amma ba a jere ba, a ɗan ba da tazara, tazarar tana ƙaruwa, don hanyar da ta cushe ba a ƙara mata jama'a. Na yi wa kowane kira shaida, don in ungozoma ta ruɗe ta danna sau da yawa, kada motoci su yi jerin gwano a ƙofar gida ɗaya. In data ta ƙi gaba ɗaya, waya ta koma tes, wato saƙon rubutu, shi yakan lallaɓa ya wuce inda data ta kasa. Na cire abin nan mai juyawa, na sa murya. Matata ce ta yi muryar, bayan ta gama yi mini tsiya. Waya ta ce an aika. Ta ce wane ya amsa, yana hanya. In kuma ba kowa, ta faɗa a fili: ba a samu mota ba, a nemi wata hanya.

Abu biyu suka fi ba ni wuya. Na farko, wanda ya amsa bayan wa'adi. Ku kuna ɗauka in ka daina jiran ɗan aike, shi ma ya daina tafiya. Bai daina ba. Saƙon yana nan a hanya, zai isa, mutum zai tashi ya tayar da mota. Dole a tare shi da magana: an samu mota, mun gode, layinka yana nan. Na biyu, tsawon wa'adin duka, daga dannawa zuwa faɗin gaskiya. Chidi ya ce wannan ba a kwamfuta yake ba, in tambayi mai aikin.

Na mayar wa Inna wayar da kaina. Na tambaye ta, in mace tana kan gwiwa, yaushe take samun sarari ta dubi waya? Ta ce tsakanin ciwo da ciwo. In ya lafa ta leƙo, in ya taso ta koma. Na ce to in ta danna a lafawa ɗaya, kafin ta biyu waya za ta faɗa mata eh ko babu. A kan haka na yanka shi, a zaune a tabarmarta.

Na jera wayoyin gwaji, na ce ta zaɓi ɗaya ta zama ta Dogo. Ta zaɓi wadda ta fi muni. Na ce ta sa ta a fantekarta ta rufe. Ta rufe, ta ɗora dutsen niƙa a kai don kada in yi mata wayo. Ta danna. Jim kaɗan murya ta ce Malam Haruna ya amsa, yana hanya. Na kashe sauran duka, ta sake dannawa. Murya ta ce ba a samu mota ba, a nemi wata hanya.

Ta ce, "Muryar wace ce wannan?"

Na ce ta matata.

"Ashe kishi za ka haɗa ni da shi. To ta fi ka baki." Ta juya wayar a hannu. "Ban ce zan danna ba."

Na ce ban ce ta ce ba. Na bar mata ƙaramar fitila mai cajin rana da ake jona waya, na tafi.

Ranar haihuwar Bilki ba na nan. Abin da Inna da Malam Haruna suka faɗa mini nake faɗa muku. Ranar kasuwa ce, ranar da sabis ya fi cushewa. Ciwo ya kama Bilki da hantsi. Inna ta aika a kamo shanu. Bayan ɗan aiken ya fita, ta tsaya a bakin ƙofa, ta ɗauko wayar ta danna, ta ajiye a kan turmi ta koma ɗaki. Dogo ne mai layi, don tun gyaran ba a yi kira a yankin ba. Yana bakin iyaka kuma, wayarsa ta sake tsallakewa. Da ciwon ya lafa Inna ta leƙo, ta ji waya tana cewa Malam Haruna yana hanya. Ta ce ba ta yarda ba, ta ce a ci gaba da ɗaura shanu. Ana ɗaure na biyu suka ji hon ɗin mota.

An yi wa Bilki aiki da azahar. Malamar asibiti ta ce an zo a kan gaɓa. Mace aka samu.

Dogo saƙo ya same shi a hanyar dawowa, biyu a jere: ana neman mota, sannan an samu, layinka yana nan. Ya karanta, ya kira Malam Haruna ya ji ƙauyen, ya karkata kan mota ya tafi duk da haka. Ya tarar da mata a ƙofar gida da fulas ɗin kunu da ruwan zafi da zannuwa, an bar su a baya ba abin hawa. Ya kwashe su ya kai asibiti, bai karɓi ko sisi ba. Kira na gaba da aka yi a yankin, shi aka ba, ya kuma amsa. Ciyaman bai kama ni ba.

Ranar suna na je. Inna ta zuba mini waina a fantekar nan. Ta ce, "Ci, mijina. Yanzu ta koma aikinta, wayar ta samu wurin kwana." A aljihun zaninta take, ɗaure da igiya.

Saboda haka in kun zo koyo, ba da launi za mu fara ba. Zan ba ku waya da tukunya. Duk aiken da kuka tura, zan tambaye ku abu uku: in bai dawo ba fa, in ya dawo a makare fa, kuma wa ke tsaye yana jira. Wanda ya ga tambayar ta yi masa yawa, ga teburin caji can, shi ma sana'a ce, ita ta ciyar da ni.

Yanzu ina nan a kasuwar Daura, a shagon da baban Chidi ya bari, ni ke haya. Ungozomomi da direbobi su ke haɗa abin da ake biyan saba, ba wanda ya sa su. Inna Tabawa ta daina karɓar haihuwa, ido ya yi rauni, Bilki ce ke riƙe da wayar. Kwamfutar tana aiki, har yanzu sai a jikin soket. Chidi yakan kira, yakan ce in uwarsa ta samu sauƙi zai leƙo. Bai zo ba tukuna. Kujerarsa tana kusa da tawa, kullum da safe nake goge ta, ba mai zama.